Tsagar da Ta Rage a Sandar Abba

Ku yi haƙuri da ni yau, 'yan uwa, da hannu ɗaya nake buga wannan rubutun, ɗayan yana cikin kwanon ƙanƙara. Baiwar Allahn da ta rubuto min wancan makon cewa ba ni da wata matsala, an ba ni saurayi mai haƙuri ina wasa da shi, ki matso kusa. Yau za ki samu abin faɗa, kuma ba zan yi miki musu ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni 'yar wasan hoki ce, shekara goma sha ɗaya ina sa rigar ƙasa. A gida Auta ake ce min, a fili kuma Garkuwa. Idan aka ba abokan karawa bugun kwana, mu huɗu da mai tsaron raga muke jeruwa a bakin raga, kuma ni ce nake fara fita da gudu in nufi ƙwallon kafin a ɗirko ta. Ƙwallon hoki ba ta da maraba da dutse. Mai hankali kauce mata yake yi, ni kuwa tare ta shi ne aikina.

Na buga wa ƙasata wasa casa'in da tara. Ba ni nake ƙirgawa ba, Abba ne. Kafinta ne kafin idonsa ya yi rauni, shi ya sassaƙa min sandata ta farko da ragowar katako ina 'yar sha biyu. Tana nan rataye a falo sama da rediyonsa. Duk wasan ƙasa da na buga, sai ya sauko da ita ya yi mata tsaga ɗaya da 'yar wuƙarsa ta aljihu. Yanzu ba ya ganin tsagogin, da yatsa yake bin su yana faɗa min inda aka buga kowanne. Ta talatin da ɗaya ta fi sauran zurfi, saboda ranar daga fili aka kwashe ni zuwa asibiti da karyayyen ƙaramin yatsa na hannun dama. Ya ce wasan da aka biya da ƙashi ya cancanci wuƙa ta shiga sosai.

Ranar Asabar za mu tashi gasar neman gurbin shiga babbar gasa. Wasan farko shi ne na ɗari a wurina, shi ne kuma na yi wa gida biyu alkawarin daga shi zan ajiye sanda. Sau uku ana ɗaga ranar aurena saboda gasa. Wannan karon an buga kati, saura mako biyar, Umma ta jera akwatuna a ɗakina har sai na yi gefe-gefe nake kaiwa ga gado.

"Wasa ɗaya, Auta," haka take ce min kullum da safe tana miƙo min kofin shayi. "Ki buga ki dawo min da ƙafafunki da haƙoranki. Na gaji da ba mutanen nan haƙuri, bakina har ya saba."

Shi wanda ake ba haƙurin, kun san shi, Mai-hoto nake ce masa. Shi ne yake ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti kusa da filin atisayenmu. A nan muka haɗu shekara huɗu da suka wuce, na kai masa gwiwa ya duba, ya ce bai taɓa ganin mace mai tabo a ƙauri kamar na ɗan acaɓa ba. Bai taɓa ce min in bar wasa ba. Da ma ya taɓa faɗa, da na samu abin riƙewa a kansa yau.

Wata biyu da suka wuce Mamarsa ta turo min saƙon murya bayan wani wasa da aka nuna a talabijin. Har yanzu yana cikin wayata.

"'Yata, na gan ki, kin yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Sai dai maƙwabciyata ta tambaye ni wai ina zoben da ɗana ya ba ki, ta ga hannun babu komai lokacin da ake hira da ke. Na rasa abin ce mata. Ni dai na ce bari in faɗa miki."

Doka ta hana shiga fili da zobe, yarinyar da ta fara riƙe sanda jiya ma ta san wannan. Amma matar nan ta jira ni shekara huɗu, kunyarta nake ji kamar in nutse. Sai na ƙirƙiro dabara. In naɗe zoben da filasta kamar mai ciwon yatsa, in sa safar hannu a kai, da an busa tashi in ɓare kafin masu kyamara su iso. Ta yi aiki sau shida. Matsalar ɗaya ce: safar nan mai kauri da muke sawa lokacin bugun kwana ba ta shiga daidai a kan filasta da zobe, sai na koma sa 'yar siririya.

Yau Talata 'yan jarida suka zo ɗaukar atisayenmu na ƙarshe, don haka na naɗe zobena. An jiƙa ciyawar robar da ruwa, ƙwallo tana gudu kamar an aiko ta. Koci ta ce a yi bugun kwana goma. A na bakwai na fita, na kwantar da sanda, ƙwallon ta tashi ta samu hannuna na hagu daidai kan zoben.

Ban yi ihu ba. Na ji ƙarar a cikin haƙorana, na miƙe na koma layi. Amma Koci ba a yi mata wannan. Ita ce kyaftin lokacin da na shigo tawaga ina 'yar sha tara, ta san tafiyata ta lafiya, ta san ta ƙarya.

"Garkuwa, fito."

"Ba komai, Koci, sanda ta samu."

"Na ce ki fito."

Likitar tawaga tana can wurin gwajin 'yan ƙasa da shekara ashirin, sai ta waya aka same ta. Ta ce in je asibiti mafi kusa a ɗauki hoton hannun, a tura mata kafin ƙarfe huɗu. Ƙarfe biyar Koci za ta fitar da sunaye, gobe da takwas na safe a miƙa wa masu gasa. Bayan nan ko uwar mutum ce shugabar hukuma ba a ƙara suna.

Na shiga ban-ɗaki na ɓare filastar. Yatsan ya kumbura ta sama da ta ƙasan zoben, ya fara yin baƙi. Na sa sabulu, na sa man shafawa, na ja har na ga wuta. Zoben ma ya lanƙwashe. Na zura doguwar rigata mai faɗin hannu a kan kayan wasa, na yafa gyale, na tafi da ƙafa.

Ɗakin aikin Mai-hoto yana ƙarshen barandar asibitin, mai ƙofa mai nauyi da jar fitila a sama. Kullum sanyi kamar cikin firji. Yana sanye da shuɗiyar rigar aiki, biro biyu a aljihu, yana cin biskit a tsaye. Ya gan ni ya fara murmushi, sai na fito da hannun.

Ya fita da sauri ya dawo da wani ɗan almakashi mai ƙaramin zarto.

"Kar ka yanke," na ce. "Mama za ta..."

"Yatsan zai mutu. Kawar da kanki."

Ya sa zarton ya yanka. Zoben ya rabu biyu ya faɗa cikin ɗan farantin ƙarfe. Sannan ya ɗora hannuna a kan tebur, ya ajiye ɗan ƙarfen da ke nuna hagu a gefe, ya shige bayan gilashi. Ko minti biyu ba a yi ba hoton ya fito a kwamfuta. Ba sai an yi karatun likita ba, ƙashin ya tsage a karkace kusa da gindin yatsa.

"Mako shida," ya ce. "In an yi sa'a."

"Asabar za mu tashi."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. In ban je wannan ba, shi ke nan. Akwai yarinya 'yar sha tara da take jiran gurbina, ta fi ni gudu. Daga nan sai biki. Casa'in da tara zan mutu da shi."

Ya jawo kujera ya zauna a gabana. "To a sake ɗaga bikin. Ni zan yi wa Mama magana."

"Ba bikin ba ne kawai. Shekarata talatin, gwiwar nan kai ka ɗauki hotonta. Wanda ya fita yanzu ba ya dawowa."

Hausawa suka ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Idona ya sauka kan ɗan ƙarfen nan mai alamar hagu. Shi da kansa ya taɓa ba ni labari, yana dariya, cewa in ba don wannan alamar ba, hoton hannun dama da aka juya ba ya da bambanci da na hagu. Na ɗaga hannuna na dama na ɗora a kan teburin.

Ya kalli hannun, ya kalle ni. "A'a."

"Zan ɗaure yatsan da na kusa da shi. Wasa ɗaya ne. Minti goma ma ya isa a ƙirga."

"Ke kika koya min hannun hagu ne yake riƙe kan sanda. In ƙwallo ta ƙara samun sa, yatsan ba zai sake lanƙwasuwa ba har abada. Kuma sunana da lambar lasisina suna fita a ƙasan kowane hoto. Kin san abin da kike roƙo?"

"Na sani."

"Shekara tara ban taɓa sa alama a inda ba nata ba."

Nan ne zan faɗa muku abin da na yi, kuma ku zage ni, na cancanta. Na ɗauko farantin da guntayen zoben suke ciki na tura masa gabansa.

"Zobenka ne ya karya ni," na ce. "Da babu shi, safa mai kauri zan sa. Saboda mahaifiyarka na sa shi. Shekara goma sha ɗaya babu ƙasar da ta hana ni kaiwa ɗari, sai gidanku."

Wallahi ina faɗa ina jin ɗacin maganar a bakina. Mutumin nan bai ma san ina naɗe zoben ba. Ya kalli farantin. Sannan ya miƙe, ya gyara min yatsun hannun dama ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki alamar hagu ya ajiye a gefensu. Bai kalle ni ba.

Da hoton ya fito ya juya shi, sai ya tsaya, ya nuna wani ɗan tudu a ƙashin ƙaramin yatsa.

"Wannan fa?"

"Tsohuwar karaya ce, ta shekara bakwai. Likitar nan bara ta zo, ba ta san da ita ba."

Ya tura wa likitar. Ya ɗaure min yatsan da ɗan ƙarfe da bandeji, ya zuba guntayen zoben a aljihun rigarsa tare da birukan. Da zan fita na ce masa na gode. Ya ce akwai mai jira a waje.

A gida na tarar da Umma a tsakar falo ta baje yadin labulen da za a kai gidana, tana aunawa da tef. Na saki hannun riga ya rufe bandejin. Ta ɗago ta dube ni.

"Me ya samu fuskarki kamar wadda aka aiko wa da sammaci?"

"Gajiya ce, Umma."

"Saura kwana nawa ne. Zo ki riƙe min bakin nan."

Na riƙe da dama. Ƙarfe huɗu da rabi saƙon likita ya shigo: "Babu sabuwar karaya. Ƙanƙara da hutu kwana biyu." Ƙarfe biyar da minti uku wayata ta fara rawa ba tsayawa. Koci ta saka sunaye a zauren hirar tawaga na waya, nawa ne na bakwai. Yara suka cika zauren da hoton kofi da wuta, mai tsaron ragarmu ta rubuta: "'Yar ɗari, mun fara atisayen rumfa." Haka muke yi wa wadda ta kai ɗari, a jeru layi biyu a ɗaga sanduna su haɗu a sama, ta wuce ta ƙarƙashi ita kaɗai. Sau biyu tak aka taɓa yi, ɗaya Koci aka yi wa, ina cikin masu ɗaga sanda.

Na karanta wa Abba sunana. Ya yi dariya har da tari, ya ce a sauko masa da sandar, ya fita baranda da ita da dutsen wasa wuƙa. Umma ta ce ai sai a bari a buga tukuna. Ya ce shi wasa wuƙa kawai zai yi, ba a hana mutum shiri ba.

Ina tsaye ina jin ƙarar wuƙa a kan dutse aka ƙwanƙwasa ƙofa. Koci ce, da kayan atisayenta, ko gida ba ta je ba. Ta durƙusa ta gaida Abba, ta amsa wa Umma cewa ruwa kawai za ta sha, sannan ta ce tana son ganina a ɗaki.

Ta zauna a kan ɗaya daga akwatunan, ta fito da waya, ta buɗe hoton. Ashe likita takan tura mata kwafi. Ta ja shi da yatsu biyu har ɗan tudun nan ya cika fuskar wayar.

"Bayan na saka sunaye na zauna na duba," ta ce a hankali. "Kin tuna wa ya ɗaure miki wannan yatsan a fili?"

Na tuna likita sabuwa ce, na manta da wadda ta cire ɗankwalinta ta naɗe min hannu, ta shiga motar asibiti da ni da takalmin wasa a ƙafarta.

"Awa biyu ina riƙe da shi," ta ce. "Na dama ne, Garkuwa. Yaushe ya yi ƙaura?"

Na zame na zauna a ƙasa. Na ce mata minti goma kawai nake roƙo. Na ce ta tuna ranar da na tare ƙwallo da ƙirji muka samu gurbi. Na ce ta dubi Abba. Na kama ƙafarta, ni da ban taɓa yi wa kowa haka ba. Ta bar ni na gama, sannan ta janye hannun rigata ta kalli bandejin.

"Da ke kaɗai ce, da na san yadda zan yi da ke. Amma dubi nan." Ta nuna ƙasan hoton, inda sunansa da lambarsa suke. "Ni kaɗai na gane. Kafin takwas na safe ki rubuto da hannunki cewa kin janye saboda rauni, a ɗauki hoton gaskiya, in roƙi likita ta goge wannan, ba wanda zai ji. In takwas ta yi sunanki yana nan, ba zan kai ki fili a kan ƙarya ba. Zan miƙa hoton ga hukuma yadda yake, su kuma za su nemi mai wannan lambar."

"Koci, ko ta ina ba zan buga ba ke nan."

"Ba za ki buga ba. Abin da ya rage miki shi ne ko za ki ja shi ku faɗi tare." Ta miƙe ta gyara jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya. "Na so in ɗaga miki sanda, kin sani."

Tana fita saƙon Mai-hoto ya shigo. Hoto ne na guntayen zoben a kan teburin maƙerin zinariya, da rubutu a ƙasa: "Ya ce zai haɗu, sai dai wurin zai nuna. Na ga sunanki. Allah ya kai ki ɗari lafiya."

Na karanta ya fi sau goma. Mutumin da na ɗora wa laifin da ba nasa ba, ya sa aikinsa a wuta saboda ni, ya tashi daga aiki ya wuce gyaran zobe. Kuka ya zo min irin wanda ba ya fita da sauti. Ina son wasan nan, 'yan uwa. Ina son sa fiye da yadda ya kamata mutum ya so abin da ba ya numfashi. Har a lokacin, Allah ya gani, wani ɓangare na zuciyata yana lissafin ko Koci barazana kawai take yi.

Na buɗe saƙo zuwa gare ta. Na rubuta "Na janye," na goge. Na sake rubutawa.

"Auta," Abba ya kira daga baranda. "Zo ki ga inda za ta zauna."

Na fita da wayar a hannu. Rana ta kusa faɗuwa, yana zaune a kujerarsa ta roba, sandar a kan cinyarsa, babban yatsansa a kan ɗan wurin da ya rage bayan tsaga ta casa'in da tara. Ya miƙo hannu yana laluben nawa don ya ɗora a wurin. Na saba ba shi dama. Yau na ba shi hagu.

Ya shafa bandejin, ya bi ɗan ƙarfen da yatsa har ƙarshe, ya laluba inda zobe yake zama bai same shi ba. Shi ma yatsansa ɗaya guntu ne, zarto ya cinye rabinsa ranar da ya ƙi barin aiki da ciwo a hannu. Bai tambaye ni yadda aka yi ba.

"Mako nawa suka ce?"

"Shida, Abba."

Na danna na tura wa Koci saƙon janyewar da babban yatsan dama, na ga alamar ya isa, na ga ta koma shuɗiya, ta karanta ke nan. Abba ya ninke wuƙar da ya gama wasawa, ya sa a aljihu, ya miƙo min sandar.

"Mayar da ita inda take," ya ce. "Ki rataye ta da kyau."

Na rataye. Yanzu ina ɗaki tsakanin akwatuna, hannu a ƙanƙara, zauren tawaga yana ta murnar rumfar da ba za a yi ba. Wayata tana kan gwiwata tana haske, Mai-hoto ne yake kira karo na uku. Bai san an gane ba, bai san na janye ba, kuma ban san da wane baki zan ce masa ƙaryar da ya yi min ta farko a shekara tara ko minti ɗaya ba ta saya min ba.